Muhawara: Wane Kiɗan Bes Ne Ya Fi Zama a Kunne?

Mai Faifai: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mun daɗe a wannan zaure muna yabon mawaƙa da masu kaɗa jitar gaba, amma ba mu taɓa ware lokaci ga jitar bes ba, wato jita mai tsirkiya huɗu da murya mai kauri, wadda ita da ganga suke riƙe da waƙa daga ƙasa. Tambayata ita ce: a cikin waƙoƙin rok da pop na Ingila da Amurka, daga shekarun 1960 zuwa na 1980, wane zubin bes, wato jerin sautukan da makaɗin bes yake kaɗawa a waƙa, ne ya fi zama muku a kunne, kuma me ya sa? Ni dai zaɓina shi ne wanda John Deacon na ƙungiyar Queen ya kaɗa a "Another One Bites the Dust" a 1980. Hujjata mai sauƙi ce. Bugu uku na farko kawai mutum zai ji ya san waƙar da ake nufi, tun kafin Freddie Mercury ya buɗe baki, kuma wanda bai taɓa riƙe jita ba ma zai iya maimaita zubin da bakinsa. Deacon ne ya rubuta waƙar, shi ne ya kaɗa mafi yawan kayan kiɗan da ke cikinta a birnin Munich na Jamus, kuma Michael Jackson ne ya ba su shawarar su fitar da ita a faifai ita kaɗai, daga nan ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A wurina zubin da ya cancanci a tuna da shi shi ne wanda yake zama take ga waƙar gaba ɗaya.

Makaɗin Zango: Wa alaikumus salam, Baba. Zaɓinka yana da kyau, amma adalci shi ne a ambaci mafarin abin. Shekara guda kafin waƙar Queen, a 1979, ƙungiyar Chic ta birnin New York ta fitar da "Good Times", kuma Bernard Edwards ne ya kaɗa bes ɗinta. Duk wanda ya saurari waƙoƙin biyu a jere zai ji bugu ukun nan a kan tsirkiya mafi kauri, sannan ɗan shiru ya biyo baya. Edwards da kansa ya bayyana cewa Deacon ya zauna tare da su a ɗakin naɗar sautinsu kafin ya yi tasa waƙar. Bambancin shi ne Deacon yana tsayawa kusa da inda ya fara, shi kuwa Edwards bayan bugu ukun sai ya ɗauki hanya yana hawa mataki bayan mataki har ya kai sama, ya juyo ya sauko, ba tare da ya saki ganga ba ko sau ɗaya. Ina kaɗa bes a wuraren biki, kuma ina tabbatar maka cewa sabon ɗalibi zai iya riƙe na Deacon da wuri, amma na Edwards yana bukatar hannun da ya nuna. A cikin wannan shekara ta 1979 aka gina "Rapper's Delight" ta Sugarhill Gang a kan wannan zubi, sai da Edwards da Nile Rodgers, mai kaɗa jitar Chic, suka tashi tsaye kafin a sa sunayensu cikin marubutan waƙar. Zubi guda ya ciyar da disko da rok da rap. Edwards ya rasu a Tokyo a 1996, kuma har yau da yawan masu rawa da kiɗansa ba su san sunansa ba.

Mai Faifai: Malam, ban musa maka cewa Edwards ne ya riga ba, kuma ban musa cewa hannunsa ya fi nuna ba. Sai dai tambayar ba ta tsaya ga wanda ya fi wahalar kaɗawa ba. Rage abu har ya zama babu abin da za a ƙara cirewa shi ma gwaninta ce, kuma Deacon ya sake nuna ta a 1981 a "Under Pressure", wadda Queen suka yi da David Bowie a Montreux ta ƙasar Suwizalan. Sauti biyu ne kacal a cikin zubin, amma da Vanilla Ice ya ɗauke shi a 1990 babu wanda bai gane inda ya samo shi ba.

Maman Biyu: Baba, da izininka zan saɓa maka tun daga tushen tambayar. Idan muka ce zubin da ya fi shi ne wanda ake iya rerawa da baki, to mun zubar da mutumin da kusan duk waɗanda za a ambata a nan suka koya daga gare shi, wato James Jamerson na kamfanin Motown a birnin Detroit. Jamerson ya fara ne da babban bes na katako da ake kaɗawa a tsaye a kiɗan jaz, sannan ya koma kan Fender Precision, irin jitar da Leo Fender ya fara ƙerawa a 1951. Da ɗan yatsa ɗaya na hannun dama yake jan tsirkiya, yana sa soso a ƙarƙashin tsirkiyoyin don amon ya mutu da wuri, kuma ba ya canza su sai in sun tsinke. Ya san yadda ake yin zubi mai sauƙi, domin shi ne ya buɗe "My Girl" ta Temptations a 1964 da sauti biyu da kowa ya sani. Amma inda girmansa yake shi ne a "Bernadette" ta Four Tops ta 1967 da "What's Going On" ta Marvin Gaye ta 1971, inda ba ya maimaita abu guda daga farko zuwa ƙarshe. Yana bin muryar mawaƙin, yana amsa mata, yana shiga ta inda ta yi numfashi, wani lokaci ya riga ganga da ɗan kaɗan, wani lokaci ya bar ta ta wuce shi. Ba za ka iya rera bes ɗin "What's Going On" da baki ba, amma in aka cire shi waƙar ba za ta tsaya da ƙafarta ba, kuma wannan taushin da ke sa mutum ya yi shiru idan ya ji ta, rabinsa daga yatsan Jamerson yake fitowa.

Abin da ke damuna ƙwarai shi ne yadda aka yi da shi. Shekaru da dama Motown ba ta rubuta sunayen makaɗanta a jikin faifai ba, sai a kundin Marvin Gaye na 1971 sunansa ya fito. Da kamfanin ya koma Los Angeles a 1972 ya bi su, amma aiki ya yi ta ja baya, ya rasu a 1983 yana da shekara 47. Sai a shekarar 2000 aka shigar da shi zauren karrama manyan makaɗan rok. Saboda haka idan muna lissafin zubin da ba a mantawa da shi, ina roƙon kada ma'auninmu ya zama wanda zai sake ɓoye shi.

Autan Zaure: Ina gaishe da iyaye da yayye. Ni na zo koyo ne, kuma ina da tambaya biyu. Ta farko, a ina za a sa "Seven Nation Army", wadda 'yan kallon ƙwallon ƙafa suke rerawa a filayen Turai? A ganina babu zubin da ya kai shi yaɗuwa. Ta biyu, Yaya Maman Biyu, na nemi "What's Going On" a wayata yanzu, amma bes ɗin da kike yabo da ƙyar nake jin alamarsa.

Mai Haɗa Sauti: Auta, tambayoyinka biyu suna da amsa. Waƙar White Stripes ta 2003 ce, ta zo bayan zamanin da Baba ya iyakance, sannan babu jitar bes a cikinta sam. Jack White ya kaɗa jita ta yau da kullum ce, ya bi da sautinta ta wata na'ura da ake takawa da ƙafa wadda ke saukar da shi ƙasa har ya yi kauri. Game da wayarka kuwa, matsalar daga lasifika take. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa kusan sau 41 a cikin daƙiƙa guda, kuma irin wannan amo yana bukatar lasifika mai faɗi da za ta iya tura iska da yawa. 'Yar lasifikar waya ba ta da wannan ƙarfin, don haka abin da ke iso maka shi ne saman sautin kawai. Ka sa abin saurare na kunne mai kyau, ko ka haɗa wayar da babbar lasifika, za ka ji kamar an sauya maka waƙar.

Wannan matsala tana da tarihi, kuma ta shafi muhawararmu. A zamanin faifan garmaho, idan amon bes ya yi yawa allura tana iya tsalle daga layinta, shi ya sa injiniyoyin kamfanin EMI a Landan suke rage shi. Beatles sun yi ta ƙorafin cewa faya-fayan Amurka sun fi nasu kauri. A 1966, wajen naɗar "Paperback Writer", injiniyoyin Abbey Road, ɗakin naɗar sauti na EMI, suka juya wata lasifika ta yi aikin makirufo a gaban akwatin sautin Paul McCartney, shi kuma ya ajiye jitar bes ɗinsa ƙirar Höfner ya ɗauki ƙirar Rickenbacker. Daga wannan waƙa da "Rain" da ke bayan faifan ne bes ya fito fili a kiɗan Beatles. Wani ɓangare na dalilin da ya sa muke tuna wasu zubi muna manta wasu shi ne shawarar da mai haɗa sauti ya yanke a ranar da aka naɗe su.

Ɗan Damagaram: Tunda an kawo McCartney, ina ganin shi kaɗai ya isa ya nuna cewa Baba da Hajiya kowannensu yana riƙe da gefe ɗaya na gaskiya, domin misalan biyu suna jere a kundin "Abbey Road" na 1969. Waƙar farko, "Come Together", irin ta Baba ce: zubi guda mai zamewa sama ya dawo, ana maimaita shi, kuma shi ne fuskar waƙar. McCartney ya ce shi ya ba da shawarar a rage saurinta saboda kamarta da wata waƙar Chuck Berry ta yi yawa, sannan ya ɗora mata wannan bes. Waƙa ta biyu, "Something" ta George Harrison, irin ta Hajiya ce, bes yana yawo a ƙarƙashin murya kamar waƙa ta biyu, kuma McCartney bai taɓa ɓoye cewa Jamerson yana cikin waɗanda ya fi koyi da su ba. Ni kuwa idan aka tilasta mini zaɓi ɗaya, zan ɗauki "Money" ta Pink Floyd daga kundin 1973. Roger Waters ya gina zubin a kan ƙirgen bugu bakwai maimakon huɗun da kunne ya saba da shi, aka fara da ƙarar kuɗin ƙarfe da na'urar kanti a kan wannan ƙirge, sannan bes ya shigo. Abin burgewa shi ne mai sauraro ba ya jin cewa akwai wani abu da ya karkace, yana kaɗa kai yadda ya saba, sai lokacin da David Gilmour ya fara kaɗa jitarsa shi kaɗai aka koma ƙirgen huɗu, nan ne mutum yake jin kamar an kwance masa wani ɗauri.

Maman Biyu: Malam, na yarda da misalin "Abbey Road", amma ban yarda cewa gefen biyu daidai suke ba. Zubin "Come Together" da na "Money" za a iya miƙa su ga jitar gaba ko fiyano su ci gaba da zama abin da suke. Haka "Sunshine of Your Love" ta Cream ta 1967, inda Jack Bruce da Eric Clapton suke kaɗa abu guda tare. Abin da Jamerson yake yi, da abin da McCartney ya yi a "Something", ba ya yiwuwa sai a kan bes, domin aikinsa shi ne haɗa ganga da karin waƙa, kuma babu wani abin kiɗa da ke zaune a wannan gurbi. Ina so kuma a tuna da mata. Carol Kaye ta kaɗa a dubban waƙoƙi a Los Angeles, ciki har da na Beach Boys, ita ce ta ƙirƙiro zubin "The Beat Goes On" ta Sonny da Cher, kuma sautukan da suka buɗe "Wichita Lineman" ta Glen Campbell a 1968 nata ne. Tina Weymouth ce ke buɗe "Psycho Killer" ta Talking Heads a 1977, kuma ita ce ke riƙe da bes lokacin da ƙungiyar ta yi kundin "Remain in Light" a 1980 bayan sun sha sauraron Fela Kuti.

Makaɗin Zango: Hajiya, a nan zan kare Baba kaɗan, domin akwai abin da sai wanda yake kaɗawa yake gani. Zubin da ake maimaitawa ba ya nufin aiki mai sauƙi. A ɗauki "Billie Jean" daga kundin "Thriller" na 1982, wanda Louis Johnson ya kaɗa. Sauti takwas ne suke zagayawa, amma dole kowanne ya fito da tsawo ɗaya da nauyi ɗaya har kusan minti biyar, kuma dole hannun hagu ya kashe kowane sauti kafin na gaba ya shigo. Idan ka bar su suna ja, barazanar da ke cikin waƙar ta tafi. Quincy Jones, mai shirya kundin, ya so a gajarta mabuɗin waƙar, inda ganga da bes suke tafiya su kaɗai, Michael Jackson ya ƙi, ya ce wannan wurin ne yake sa shi rawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban taro ya san Jackson ne ke da gaskiya, domin mutane suna miƙewa ne kafin a fara waƙa. A wajen gwada makaɗi, na fi gane hannunsa a irin wannan zubi fiye da inda yake gudu da yatsu.

Mai Faifai: Na gode, Malam. Akwai kuma zubin da ƙarfinsa yake a lokacin shigowarsa. A "The Chain" ta Fleetwood Mac, daga kundin "Rumours" na 1977, sai an ci kusan minti uku komai ya lafa, sannan John McVie ya shigo shi kaɗai da wani gajeren zubi mai duhu, ganga ta taso a bayansa, waƙar ta zama wata aba dabam. An harhaɗa waƙar ne daga guntayen naɗe-naɗe daban-daban, ita kaɗai ce a kundin da aka rubuta sunayen mutum biyar na ƙungiyar a matsayin marubutanta, kuma BBC ta yi shekaru tana buɗe shirin tseren motoci da wannan ɓangare. Da McVie ya fara shi tun daga farkon waƙar, ba na jin zai yi rabin tasirin da ya yi.

Ɗan Damagaram: Wannan ya kai mu ga shiru, wanda a ganina shi ne abin da Turawan rok suka koya daga Jamaika. Mu da muka tashi da kaset ɗin Bob Marley mun san bes ɗin Aston Barrett tun kafin mu san sunansa. Yana faɗin 'yan sautuka sannan ya bar wuri, kuma wurin da ya bari yana da nauyi daidai da abin da ya kaɗa. Sting ya ɗauki wannan darasi a "Walking on the Moon" ta Police a 1979, inda sautuka uku suke fitowa, a jira, wasu uku su amsa. Barrett ya rasu a farkon 2024. Na san rege ba rok ba ne, amma ba a iya bayyana bes ɗin pop na ƙarshen shekarun 1970 ba tare da shi ba.

Autan Zaure: Na sa abin kunne kamar yadda Yaya Mai Haɗa Sauti ya ce, kuma yanzu na ji abin da ake nufi a waƙar Marvin Gaye. Ina da ƙarin tambaya: cikin duk waɗannan shahararrun waƙoƙi, shin akwai wadda ɗan Afirka ne ya kaɗa bes ɗinta?

Mai Haɗa Sauti: Akwai, kuma tana cikin mafi shahara. A "You Can Call Me Al" ta Paul Simon, daga kundin "Graceland" na 1986, Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ne ya kaɗa, a kan jitar da ba ta da sandunan ƙarfe a wuyanta, shi ya sa sautinsa yake zamewa kamar muryar mutum. Kusa da ƙarshen waƙar akwai wani gajeren gudu da bes yake yi shi kaɗai. Rabin farko Kumalo ne ya kaɗa shi, rabi na biyu kuwa injiniya Roy Halee ne ya juya naɗin rabin farko ya tafi da baya, aka manna su. Kundin ya jawo ce-ce-ku-ce domin Simon ya je Johannesburg a 1985, lokacin da ake ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata, amma masu sukar tafiyar ma ba su musa gwanintar makaɗan ba. Irin wannan dabara ta ɗakin naɗi ce ta haifi "Walk on the Wild Side" ta Lou Reed a 1972, inda Herbie Flowers ya kaɗa babban bes na katako, sannan ya ɗora na lantarki a samansa, ɗaya yana sauka ɗaya yana hawa. Ya faɗa da bakinsa cewa kaɗa kayan kiɗa biyu yana ninka kuɗin da ake biyan makaɗi a zama guda.

Maman Biyu: Labarin Flowers ya ƙara ƙarfafa abin da nake faɗa tun ɗazu. An biya shi ladan zama ɗaya, waƙar kuwa ta yi ta kawo kuɗi shekara da shekaru ga wanda sunansa yake a matsayin marubuci, alhali abin da mutane suke tunawa da ita shi ne bes. Haka Wilton Felder, wanda ya kaɗa zubin "I Want You Back" ta Jackson 5 a 1969, mutane ƙalilan ne suka san shi da wannan aiki. Deacon da Waters da McCartney da Sting su ne marubutan waƙoƙinsu ko abokan tarayya a ƙungiyoyinsu, don haka suna da sunan suna da ribar. Jamerson da Kaye da Felder da Johnson da Kumalo 'yan ƙwadago ne da ake kira a biya su tafi. Ni dai ina nan a kan "What's Going On".

Makaɗin Zango: Ni kuma ina nan a kan "Good Times", kuma dalilina ya shiga cikin maganar Hajiya. Zubin Edwards ana iya rera shi da baki kamar yadda Baba yake so, yana kuma tafiya tare da jitar Rodgers da gangar Tony Thompson ta hanyar da ba za a iya miƙa wa wani abin kiɗa ba. Auta, idan za ka saurare ta, ka nemi doguwar ta kundin "Risqué", mai minti takwas, domin a tsakiyarta ake janye muryoyi a bar bes da ganga da tafi, sannan a dawo da fiyano da jita ɗaya bayan ɗaya.